Daƙiƙa Talatin

Ƙarfe biyun dare a Yaba.
Janaretan maƙwabci yana tari kamar tsoho mai asma,
ruwa ya ɗauke, kwata ta cika ta tumbatsa,
ni da allon kwamfuta muna kallon-kallo.

Manhajar da na rubuta wa 'yan gwarin Mil Sha Biyu
ta aika tambaya banki:
kuɗin Alhaji Maikano sun shiga?
Banki ya yi gum.
Ita kuwa ta samu bakin ƙofa ta naɗe ƙafa,
jiran gawon shanu,
tumatir yana narkewa a kwando,
direban tirela ya kashe mota ya kunna baki.

Da rana Morenike ta leƙo teburina,
da Hausarta ta Agege mai ɗanɗanon barkono:
"Lurwanu, wanda ya aiki yaro
bai ce masa ga lokacin dawowa ba,
shi ya ɓatar da yaron."

To, yanzu ga ni ina roƙon zuciyar na'ura,
mai rabon lokaci ga kowane aiki:
ungo daƙiƙa talatin, riƙe min amana.
In sun ƙare ban ji motsi ba,
taɓa ni a kafaɗa,
katse min jiran, ko da ina tsakiyar saurare.

Ba ta taɓa rigan lokaci, wannan na shaida.
Makara kam takan yi,
in layi ya yi tsawo a cikinta
kamar danfo a kan gada ranar Litinin.

Kuma in ta taɓa ka, ba a dogon zance.
Na koya da wuya.
Ran nan na ce bari in rubuta rahoto nan take,
ashe alƙalamin yana hannun aikin da na katse;
ni ina jiran ya saki, shi yana jiran in tafi,
muka sandare mu biyu har gari ya waye.
Yanzu tuta kawai nake ɗagawa
in koma inda na fito.

Agogo biyu ne a cikinta.
Na bango, wanda ake gyara wa zama,
a tura shi gaba, a ja shi baya,
na taɓa dogara da shi ya ci amanata.
Sai ɗayan, marar suna, marar kwanan wata,
tun da na'ura ta farka yake ƙirga,
bai san baya ba, bai karɓar rarrashi.

Abin da ya tsaya min a rai dai shi ne wannan:
ƙararrawar guda ɗaya ce tak.
Ka saita sabuwa, tsohuwa ta mutu,
a miƙo maka ragowar daƙiƙunta
kamar canjin da kwandasta ya jefa maka a tafi.

Shekara biyu na ce wa Inna a tashar Malumfashi,
tana ƙulle min yaji da kuka a leda.
Da biyun ta kusa, na ce bayan Sallah.
Bayan Sallah, na ce in an biya mu.
Kowace sabuwa tana binne ta jiya,
ba wadda na bari ta kaɗa.
Bana ta bakwai.
Inna ba ta da agogon bango,
irin ɗayan ne da ita,
a gwiwa, a ido, a furfura.

Na danna. Na zare wayar sadarwa da gangan.
Ashirin da takwas.
Ashirin da tara.
Allo ya ce: ba amsa, a sake gwadawa.

Ya yi aiki.
Gobe Alhaji Maikano zai san matsayinsa kafin shayinsa ya huce.

Wuta ta dawo, unguwa ta yi ihu cikin barci.
Wayata na gefe, kife,
da kira uku tun magariba.